Ƙwaya a Cikin Hanta

Da sunan Allah, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Sunana Uwani, a Inugu aka haife ni, kuma ni ba gwanar rubutu ba ce, keken ɗinki na sani. Na zauna rubuta wannan ne don masu jinyar tsoho a gida, domin wata bakwai na yi ina ɗaure mahaifina da hannuna, ina ganin lada nake kwasa.

Baba mahauci ne. Shekara arba'in da biyu yana tsaye a teburinsa a kasuwar Ogbete, mutumin da ke feɗe sa yana ba da labari ko kallon wuƙar ba ya yi. Abin ya fara masa da rawar hannun dama. Idan ya zauna ba ya komai sai ka ga yatsunsa na motsi kamar mai jan carbi. Muka ce gajiya ce. Daga nan taku ya gajarce, murya ta shige ciki, fuska ta daina motsi. Ranar da aka kira ni a waya, a ƙofar masallaci aka same shi tsaye, ƙafa ta manne da ƙasa, ba gaba ba baya, har aka idar da sallah.

Ina Fatakwal a ɗakin mijina a lokacin. Innarmu ta daɗe da rasuwa, ni kaɗai na rage wa Baba. Na zuba kaya kala uku a jaka na ce wa mijina Nasiru sati biyu zan yi. Ya raka ni tasha yana cewa kada in yi gaggawa, in tsaya sai Baba ya ji sauƙi. Ina jin da ya san abin da bakinsa ya faɗa, da ya haɗiye shi.

Satin farko a layin asibiti ya ƙare. A yanki kati, a dawo gobe, a je ɗakin gwaji, a dawo jibi. Likitan masu irin ciwonsa ranar Alhamis kawai yake zama, layinsa kuwa har bakin baranda. Da muka shiga ya sa Baba ya taka daga ƙofa zuwa taga, ya lanƙwasa masa gwiwar hannu, ya ce sunan ciwon Fakinson. Ya ce ba ya warkewa, amma akwai ƙwaya da ke sassauta shi har mutum ya koma harkarsa. Ba zan ci amanarsa ba, mutumin kirki ne, ya tashi da kansa ya riƙe Baba ya zaunar. Sai dai minti biyar ɗin da ya ba mu ba su kai ga maganar abinci ba. Bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Aka miƙo mini ƙwayoyin a 'yar leda an ja sanda uku a jiki, safe, rana, yamma, da tsadar da ta sa na sake kallon ledar ko zinariya ce a ciki.

Mahautan Ogbete suna da wata al'ada. Idan ɗayansu ya kwanta ciwo, hantar san farko da aka yanka da safe tasa ce, har ya tashi ko Allah ya karɓi abinsa. Ba a roƙo, ba a kuma mayarwa. Wanda ya ɗauki kawo ta Baba shi ne Malam Dauda, abokinsa tun suna samari, teburinsu na jingine da juna. Kullum ƙarfe bakwai zan ji sallamarsa, da hanta a takarda tana tururi, da jela ko ƙafar sa don farfesun rana.

Mu kuma tun muna yara mun san abu ɗaya: ba a shan maganin Bature ciki ba komai, yanke hanji yake. Ga Baba haɗiya na ba shi wuya, ƙwaya sai ta tsaya a maƙogwaro yana tari. Malam Dauda ne ya kawo dabara. Ya sa na gasa hantar, ya yanki 'yar tsoka, ya tsaga ta da bakin wuƙa, ya tura ƙwayar ciki.

"Kin gani, Uwani? Magani da abinci a loma guda. Buɗe baki, Sule. Yauwa!"

Ta wuce sumul. Na yi ta sa masa albarka. Daga ranar haka nake yi sau uku a yini, in kuma bi da romo da nama har sai Baba ya kawar da kai.

Sati biyu suka wuce, wata ya cika, Baba na nan jiya i yau. Wani lokacin bayan awa biyu ya ɗan motsa yatsun ƙafa, shi ke nan. Ɗaga shi nake, juya shi nake, in sa masa tasa, in wanke shi ina kawar da ido shi ma yana kawarwa. Ɗakin ciki da falo ne a gidan haya, taga ɗaya, tana kallon katangar maƙwabta. Na san kowace tsaga a jikin katangar nan. Ban isa in je ko bakin titi ba sai na roƙi matar ɗakin kusa ta saurara mini, don in ya zame daga kujera ba zai iya ko kira ba. Idonsa kaɗai ke yawo a ɗakin, yana bina duk inda na yi.

Sai dai ranar Litinin.

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba bai san Litinin ɗinmu ba. A shekarun nan ranar zaman gida ce ta dole, ba kasuwa, ba keke, ba mota, mu baƙi kuwa mun fi kowa kiyayewa. Ba yanka, ba Malam Dauda, ba hanta. Baba kuma tunda yake bai taɓa cin naman da ya kwana ba, kwantai yake ce masa, na masu saye ne. Don haka ranar Litinin sai in ba shi ƙwayar da ruwan ɗumi, yana tari ina shafa masa baya, ina jin kaina azzaluma, kafin in dama koko zalla. Kafin kokon ya huce sai in ga kafaɗarsa ta sauko. Ya miƙe da kansa. Ya je bayi da kansa, ya yi alwala, ya yi sallah a tsaye. Har tsiya yake mini, wai kokona ruwa-ruwa ne kamar na gidan makoki. Ranar da babu mai iya fita ya gan shi, ranar yake mutum. Talata da safe hanta ta iso, ya koma itace.

Na faɗa wa likita. Sai dai ranar Alhamis, saboda doguwar jira, ninka masa hantar nake yi don kada yunwa ta kayar da shi a layi. Likita bai taɓa ganinsa ba sai a sandare. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Madam, you sure say you dey give am?"

Na ce wallahi ko sau ɗaya ban tsallake ba. Ya ƙara yawan ƙwayar. Kuɗin magani ya ƙaru, keken ɗinkina da ke Fatakwal ya tafi. Abin da ƙarin ya haifar shi ne, ranar Litinin jikin Baba ya riƙa mutsu-mutsu kamar maganin ya yi masa yawa, sauran kwanaki kuma kamar bai sha ba.

Masu dubiya ba su bar mu haka ba. An kawo rubutu, an kawo hayaƙi, an kawo man shafawa mai warin da ya kori har ƙadangarun katanga. Na gode musu duka, don ba wanda ya zo hannu rabbana. Amma maganar da ta zauna ita ce ta Baffa Iro, ƙanen Baba, mai sayar da albasa a Ose Okwodu ta Anacha. Da na ba shi labarin Litinin, ina murna, sai ya tafa hannu.

"Shi ke nan, magana ta fito. Sammu ne, kuma a kasuwa aka binne shi. Ba ki gani ba? Ranar da kasuwa ke rufe sai abin ya sake shi. Maganinsa a nisanta shi da Ogbete. Gida za mu kai shi."

Gida yana nufin wani ƙauye a ƙasar Haɗeja, inda ni sau biyu na taɓa zuwa. Na ce Baffa, can ina za a sami likitansa, ina za a sami ƙwayar?

"Ƙwayar da wata shida ba ta tsinana komai ba? Uwani, ke 'ya mace ce, kina da ɗakinki. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba."

Abin haushin, maganarsa ta hau daidai da abin da ido ke gani. Mahautan ma suka yarda. Aka tsayar da rana, Asabar ta ƙarshen wata, motar da ta sauke albasa a Anacha za ta biyo ta Inugu, a sa Baba a gaba kusa da direba.

Litinin ɗin da ta biyo baya Baba ya zauna a bakin gado ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, kada ki bari a sa ni a motar nan. Wa na sani a can? Waɗanda na sani duk suna ƙasa. A ajiye ni a zaure yara na leƙe, ga mahaukacin da aka yi wa asiri a Kudu. Nan na yi ƙarfina, nan nake so in ƙare."

Na ce to, Baba. Amma tunda na yi niyyar faɗin gaskiya bari in faɗe ta duka. Wani ɓangare na zuciyata yana son motar nan ta zo. Nasiru ya daina tambayar jikin Baba, sai dai yaushe zan dawo. Na gaji, bayana ya gaji, na yi kewar ɗakina. In na tuna haka sai kunya ta rufe ni, in shiga bayi in yi kukana in wanke fuska. Gaba kura, baya sayaki. In an tafi da shi na ci amanarsa, in an bar shi ban san ranar fitata ba, kuma ko ina so ko ba na so ba ni da bakin hanawa.

Alhamis ta ƙarshe muka je karɓo maganin da za a tafi da shi. Muna kan benci gaban tagar masu ba da magani lokacin ƙwayar rana ya yi. Na buɗe 'yar kula, na tsaga hanta da farce, na tura ƙwayar. Sai na ji an ce da Hausa garau:

"Baiwar Allah, tsaya. Me kike yi haka?"

Wata mata ce a cikin tagar, mai furfura a goshi, 'yar kudancin Kaduna, Madam Ladi suke ce mata. Ta zagayo ta karɓi ledar maganin ta duba, ta kalli kular.

"Tun yaushe kike ba shi haka?"

"Wata bakwai."

"Kullum?"

"Ban da Litinin."

"Ranar Litinin yaya yake?"

Na ce ranar Litinin da kansa yake tashi. Ta zauna kusa da ni, layi na jiranta, ta yi mini bayanin da ba zan manta ba. Ta ce magani ba a tumbi yake aiki ba. Sai ya wuce tumbi ya shiga ƙaramin hanji, daga nan ya ratsa ya shiga jini, jini ya kai shi inda ake bukata. Abinci mai nauyi da maiƙo yana sa tumbi ya riƙe abin da ke cikinsa ya daɗe, ƙwayar na zaune a ciki tana lalacewa. Wadda ta tsira ta isa hanji kuma, wannan ƙwayar ta Baba ƙofarta ɗaya da abin da jiki ke tatsa daga nama, da madara, da ƙwai, da wake. Haka in ta isa ƙofar ƙwaƙwalwa, nan ma tare za su yi layi.

"Ke 'yar mahauci ce. In ana tura shanu ta ƙofar mayanka, ɗan akuya zai samu wucewa? To hanta shanu ce, ƙwayar nan ɗan akuya."

Na ce amma an ce magani ciki ba komai yana yanke hanji.

"Wani maganin haka ne, sai da abinci. Akwai na zazzaɓin sauro da ma sai da ɗan maiƙo yake shiga jiki sosai. Kowanne da halinsa, shi ya sa ake tambaya. Wannan ki ba shi da ruwa kofi guda, ki jira rabin awa zuwa awa kafin abinci. In ya tayar masa da zuciya, ɗan biskit ya isa. Kada ki hana shi nama, tsoho na bukatarsa, amma ki kai shi can yamma, nesa da ƙwaya. In an kawo muku maganin ƙarin jini, shi ma kada su haɗu."

Ta kama hannuna ta mayar da mu wurin likita ba layi. Ya saurara, ya dafe kai, ya mayar da ƙwayar yadda take kafin ƙari. Allah ya saka wa matar nan da alheri, ya raya mata zuriya. Amma har gobe ina tambaya, maganar da ba ta fi minti uku ba, don me sai da ta ci mana wata bakwai?

Juma'a da safe Malam Dauda ya kawo hanta, na karɓa na gode, na rufe ta a tukunya. Na ba Baba ƙwaya da ruwa, na zauna ina kallon agogon waya. Minti arba'in, kafaɗa ta sauko. Ya tashi ya taka har tsakar gida, ana jiyo hayaniyar gari, kasuwa a buɗe. Na kira Baffa a waya na faɗa masa. Ya ce an riga an yi magana da direba, kuma ni da ma tun farko ba na son tafiyar. Ya kashe.

Saura Baffa ya gani da idonsa. Sai dai ƙwayar awa uku take riƙe shi, daga nan ta sake, kuma Madam Ladi ta gargaɗe ni kada in kuskura in ƙara kafin lokaci. Baffa ya ce ƙarfe takwas za su iso, don haka na ba shi ƙarfe bakwai. Takwas ta yi Baba na zaune da farar riga da hula, tsaf. Tara ta wuce. Goma ta wuce, na ga hannun ya fara rawa. Sha ɗaya ya koma itace a kan kujera. Sai sha biyu saura muka ji ƙugin mota a bakin layi.

Baffa ya shigo da Malam Dauda da mahauta uku da suka zo sallama. Ya dubi Baba, ya dube ni.

"Wannan ne mai tafiyar? Ku kama mini shi, rana na yi."

Ban san lokacin da na tsaya a bakin ƙofa na riƙe gefe da gefe ba. Ni da ban taɓa ɗaga ido na kalli Baffa ba.

"Baffa, ku yi mini rai. Lokacin maganinsa ya yi. Minti arba'in kawai. In bai tashi ba, ni da kaina zan riƙe ƙafafunsa a kai shi mota."

Malam Dauda ya ce ai wannan ba abin musu ba ne, a bar shi ya sha. Ya warware takarda, ashe ya gaso hanta tun daga kasuwa. Ya zaro wuƙa ya tsaga, ya miƙo mini hannu in ba shi ƙwayar, idonsa ya kawo ruwa.

"Kawo in ba shi da hannuna. Wa ya sani ko ita ce ta ƙarshe."

"Baba Dauda, ka gafarce ni. Ba da hanta ba. Hantar ce ke tare maganin."

Na ba Baba ƙwayar da ruwa, ya yi tari, ta wuce. Muka zauna. Direba na ta danna ham a waje, Baffa na fita yana dawowa, kowane dawowa da tsaki. Minti ashirin ba komai. Talatin ba komai. Na fara tunanin ko jiya ma idona ne ya yaudare ni. Baffa ya duba agogo ya ce ya isa haka, mahautan suka miƙe.

Sai Baba ya ɗaga hannu, ya gyara zaman hularsa. Ya dafa gwiwa ya tashi. Ya taka, taku gajere amma nasa, ya ratsa tsakaninsu har bakin ƙofa, ya juyo.

"Iro, yau wace rana?"

"Asabar, Yaya."

"Kasuwa a buɗe take?"

Baffa ya sunkuyar da kai.

"To je ka sallami direba. Allah ya kiyaye hanya."

Mahautan suka ɗauki salati. Malam Dauda kaɗai bai motsa ba, yana zaune da tsokar hanta a hannu, wuƙa a cinya.

"Wato Sule, ni ne? Wata bakwai ina tashi da asuba ina kawo maka abin da ke ɗaure ka?"

Baba ya dawo a hankali ya zauna kusa da shi, ya karɓi takardar ya naɗe.

"Da kai da Uwata, ba wanda ya ɗaure ni sai da ƙauna. Gobe ka kawo ta da la'asar, ka zauna mu ci tare. Na gaji da ci ni kaɗai."

Motar ta tafi ba shi. Baba bai warke ba, kuma ba zai warke ba, wata bakwai na kwanciya sun cinye masa naman ƙafa, teburinsa ma wani ke kai. Amma yana zuwa masallaci da ƙafarsa a cikin awoyin da ƙwaya ta ba shi. Ku da ke jinya, in an miƙo muku magani kada ku bar tagar sai kun tambaya, kafin abinci ko bayansa, kuma wane abinci. Ko layi zai zage ku, ku tambaya.

Da yammar Asabar ɗin na kira Nasiru na ce masa ba a tafi da Baba ba. Ya ce alhamdu lillahi. Ni da shi mun san abin da hakan ke nufi, ba yanzu zan koma ɗakina ba. Sai ya ce, "To yaushe?" Na ce ban sani ba. Yau wata goma sha ɗaya da wannan wayar, kuma har yanzu amsar ke nan. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, masu jinya kuma ya ba su abin da ya fi haƙuri.